Tafarnuwar Yajin Jego

"Lafiya lau, uwargida. Ya gajiyar barka?"

"Gajiya ta bi lafiya. Matso nan in shinshina ka."

Da hantsi ne a Bagudo, ana gobe sunan ɗan da Munawwara ta haifa. Tsohuwa Tasallah, kakar mai jego, ta baje kayan yajin jego a kan tabarma: citta, kanumfari, masoro, kimba da barkono. Abu ɗaya ne babu, damin tafarnuwar da ta sayo a kasuwar Lolo, kasuwar kuwa ba za ta sake ci ba sai bayan suna. In ta kai yaji babu tafarnuwa, dangin mijin Munawwara za su shekara suna yi da ita. Wanda ya durƙusa a gabanta jikanta ne Mutawakkil, yayan mai jego, ɗan kabu-kabu, wanda take kira mijinta tun yana zanen goyo.

Tun da Shari'a ta zo mai gidan kallon unguwarsu ya rufe, samari suka koma ɗakin Mutawakkil da kaset ɗin da yake ɗaukowa daga Illo. Tasallah ta san da wannan, kuma yau da safe ta leƙa ɗakin.

"Maigida, ina tafarnuwata?"

"Akuyar Jummai maƙwabciyarmu ce. Na gan ta jiya tana yawo gidan ga."

"Akuyar ta iya ƙulli. Ta rataya rabi a ƙofarka, rabi a taga, har da guda a wuyan babur."

Mutawakkil ya sosa ƙeya. "Ke tsohuwa ba ki san abin da duniya take ciki ba. Wani fim muka gani. Akwai masu shan jinin mutane, farare fat, haƙoransu kamar na kare. Maharba na bin su da baƙaƙen riguna. Babban maharban harsashi bai kama shi, daga saman bene yake dirowa da takobin azurfa. Su kuma miyagun ba abin da suke tsoro sai rana da tafarnuwa."

"Da wane yare suka gaya maka haka?"

"Faransanci."

"Yaushe ka iya Faransanci?"

"Ihu ai ba sai da tafinta ba."

"To, maharbin nan mai dirowa daga bene, shi ma kayan miyar kakarsa ya sata?"

"Ni ban yi sata ba, shirin yaƙi na yi. Dukiyar mata ai ta miji ce."

"A wace makaranta aka karanta maka? Kakanka Maliki ya sha kwana a dawa daga shi sai baka da kwari. Ko ɗan albasa bai taɓa ɗaukar mini ba."

"Shi ai da ke yake zaune. Wanda ya iya zama da ke, mi zai ba shi tsoro a dawa?"

Tasallah ta danne dariya ta ci gaba da tsince citta. "Su masu shan jinin, in sun zo, mi za su samu jikinka? Sauron bakin kogi ya riga su. Abin da ya rage fetur ne."

"Ke dai ki gode Allah haƙoranki sun zube. Da ke zan fara zargi."

"Na ji. Gobe Husna za ta zo suna da iyayenta mata, ko ba haka ba?"

Husna ita ce yarinyar da aka sa masa rana da ita. Mutawakkil ya gyara durƙuso.

"Mi ya kawo Husna cikin maganar ga?"

"In aka tambaye ni abin da ya sa yaji ya yi lami, gaskiya zan faɗa. Sai in ja su mu je su ga ɗakin amarya, su ga yadda ango ya ƙawata shi."

"Kishi ne ke damunki."

"Kishi ne. Kuma bakina bai da marfi."

Ya miƙe ya nufi ɗakinsa. Can sai ga shi da tafarnuwar rungume a ƙirji, igiya na jan ƙasa. Ya zube ta a tabarma, ya laluba aljihu ya ɗora farin goro a kai, yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Na tuba, uwargida. Ga toshiyar baki."

Tasallah ta jefa goron a bakin zane ta ƙulle. Ta juya tafarnuwar ta tabbatar ba ta lalace ba, sannan ta zaɓi ƙaramin kai guda ta miƙa masa.

"Ungo, mayar a ƙofar. Kada a shanye mini miji ban samu wani ba."