Ranar da Na Wuce Surukina da Gudu

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Talata ba, ko na so in manta matata ba za ta bari ba.

Ƙanena ne ya aiko mini da wani agogon hannu na masu gudu daga Kaduna, bayan likita ya dubi tumbina ya girgiza kai. Agogo ne mai tsegumi. In ka fita gudu, shi da tauraron ɗan Adam sai su haɗa baki su zana duk inda ka taka, su ƙirga mintoci, su kai wa wayarka rahoto. Ni kuma da ba na iya yin abu in yi shiru, kullum sai na tura hoton a zauren malaman makarantarmu na waya.

A nan na gane Mafara ba garin gudu ba ne. Taku ashirin, ka ci karo da wanda ya san ubanka. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya jikin tsohuwa (agogo kuwa bai san dattijo ba, ƙirgensa kawai yake yi). Kilomita biyar sai da ta ci mini awa ɗaya da kwata. Malam Sani mai koyar da lissafi ya rubuta: "Wanga gudu na ko yawon barka da Sallah?" Abin ya ƙona mini rai. Na rantse sai na yi ta cikin minti talatin da biyar.

Sai na koma hanyar Bakura, bayan gari, inda ba idon sani. Har gajeren wando na sa. Abin da na manta shi ne ranar kasuwar Mafara ce, kuma surukina a Bakura yake.

Saura mita ɗari uku, saura minti biyu, sai na hango shi a bakin hanya, mai kabu-kabun da ya ɗauko shi yana gyara ɗaurin buhu. Limamin unguwa guda, mutumin da shekara tara ban taɓa gaishe shi a tsaye ba. Na dubi agogo, na dubi Baba. Shaiɗan ya ce agogo. Na kau da kai na wuce fuu.

To, a wajenmu magidanci ba ya gudu banza. Masu tallar nono suka juya da ƙorensu, wani mai akuya ya sake ta ya rufa mini baya. Baba ya haye babur suka biyo ni.

"Kai! Tsaya! Mi yak koro ka?"

Daidai nan agogo ya yi ƙugi, na cika kilomita biyar. Na zube na durƙusa, gwiwoyi a waje, ina haki.

"Wa yab biyo ka?"

"Ba kowa, Baba."

"To ina za ka?"

"Ba ko'ina."

"Ɗiyata lahiya take?"

"Lahiya lau, Baba."

Ya daɗe yana kallon gwiwoyina. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Can ya gyara babbar riga ya ce, "To. An kwan lahiya?" Ya ɗauko gaisuwa daga tushe, bai tsallake ko ɗaya ba, har tumakin gidanmu sai da ya tambaya. Sai da suka tafi na lura ban tsayar da agogon ba. Minti hamsin da takwas.

Da marece sai ga galan na rubutu daga Bakura, da saƙo zuwa ga matata: "Shi sha sahe da marece, kuma a riƙa sa mai ido." Ta yi dariya har da hawaye. Da na kai wa ƙanena ƙara ya ce, "Yaya, ai akwai maɓallin dakatarwa a gefe. Ka danna, ka gaisa, ka ci gaba."

Yanzu ko daga nesa na hango furfura sai in danna in durƙusa. Rubutun kuwa na shanye shi tas, don wanda ya bar suruki ya bi agogo, in an ce yana bukatar magani ba a yi masa ƙazafi ba.