Ranar da na kira lambar Sabi'u

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kira lambar mamaci ba, kuma ko na so in manta, abokan aikina na Challawa ba za su bar ni ba.

A sito nake aiki, a wani kamfanin jimar fata. Wata shekara aka tura ni bita kan yadda ake gane yaudara a kafafen sada zumunta (gaskiyar magana, kowa ya ƙi zuwa ne aka tura ni). Na dawo da takardar shaida da wani irin ji da kai. Duk abin da aka turo a waya sai na feɗe shi: wannan tsorata ka yake son yi, wannan so yake ka yi gaggawa kar ka yi tunani, wannan kuwa mutum ɗaya ne da sunaye barkatai. Har matata ta daina turo min saƙon barka da Juma'a.

Muna da wani zaure a kafar sada zumunta na masoyan wani matashin mawaƙi ɗan Panshekara, wanda ya taɓa yin leburanci a kamfaninmu. Ya shiga wata gasa da ake zaɓe ta waya, zauren ya cika da kiraye-kiraye. Na zauna ina bin rubuce-rubucen ɗaya bayan ɗaya, sai ga alamomin da aka koya mana reras. Kalmomi iri ɗaya, har kuskuren rubutun iri ɗaya. Wai duk wanda bai zaɓe shi ba maƙiyin talaka ne. Wai a tura yanzu-yanzu kafin a rufe. Ina cikin jin daɗin kamun da na yi sai idona ya faɗa kan wani suna cikin masu turo rubutun.

Sabi'u.

Sabi'u shi ne mai kula da injin wankin fata, ya rasu da damina bayan 'yar gajeriyar jinya. Da ni aka kai shi makwancinsa. Amma ga hotonsa da rigar aiki yana murmushi, ga koren ɗigo a gefen sunansa, alamar yana kan layi.

Tsigar jikina ta tashi, sai dai mai takardar shaida ba ya tsoro. Na rubuta dogon bayani a zauren. Na ce wasu marasa tsoron Allah sun sace shafin mamaci suna neman ƙuri'a da shi, na kira su ɓarayi, na ce asirinsu ya kusa tonuwa. Jama'a suka yi ta yaba min, ni kuma ina ta hura hanci.

Washegari saƙo ya shigo min ni kaɗai, daga Sabi'u. "Malam, ka bar hularka a kan benci jiya."

Na shafa kaina. Tun jiyan nake neman hular. Na fita bakin ƙofar kamfani, ga ta nan a kan bencin da muke zama, an ninke ta tsaf.

Daga nan komai ya canja min. Idan aka ɗauke wuta injuna suka yi tsit, sai in ji kamar ana jan takalmin roba a bayan tarin fatu. Na daina bi ta gaban injinsa, sai in zagaya ta bayan tsohon ɗakin ajiya da aka rufe, inda babu kowa sai jemagu, wanda shi ma ba wurin da mai hankali zai bi ba ne. Ban gaya wa kowa ba. Yaya mutumin da ke koya wa jama'a gane yaudara zai ce mamaci na yi masa magana?

Sai wani saƙon ya sake shigowa. "Tarin nan naka ya yi yawa, ka nemi magani."

A sito nake yin tarin, ni kaɗai, ƙofa a rufe. Haka dai na gaya wa kaina.

Na yanke shawarar in kawo ƙarshen abin a gaban shaidu, da rana tsaka. Lokacin cin abinci muna zaune a rumfar matar da ke sayar mana da shinkafa da wake, wata mai shiru-shiru da ba ta daɗe da fara zuwa ba, Yaya kawai muke ce mata. Na miƙe da kwanona a hannu, na sanar cewa yanzu zan kira lambar marigayi kowa ya ji muryar ɓarawon. Na danna, na buɗe muryar wayar. Kowa ya kasa kunne.

Sai waya ta ɗauki ƙara, dab da bayana. Waƙar nan ce da duk muka sani, wadda wayar Sabi'u ke yi kullum a aljihun rigarsa.

Ban san lokacin da na yi jifa da kwanon ba. An ce na yi salati da wata siririyar murya da ba tawa ba, na tsallake benci, na zarce cikin kwatar da ke kwashe ruwan jima (wanda ya san warin ruwan nan ya san abin da nake nufi). Ina tsaye a ciki har gwiwa na waiwaya.

Yaya ce ta ajiye ludayi, ta ciro waya daga cikin hijabinta. Ta dubi fuskar wayar, ta dube ni.

"Malam, ni ce. Sabi'u ƙanena ne."

Babu wanda ya yi dariya a lokacin, kuma da sun yi da ya fi min sauƙi. Ta ce bayan rasuwarsa aka ba ta wayar, ta kasa cire sunan da hoton. Mawaƙin abokinsa ne tun suna yara, ta san da yana raye da shi ne kan gaba wajen nema masa ƙuri'a. Rubutun kuwa masu zauren ne suka tsara suka ce kowa ya kwafa ya tura, ita ma ta kwafa. Hular ita ta tsince ta ta ninke, tarin kuma a rumfarta take ji kullum.

"Idan na tura na ga sunansa ya fito a cikin mutane," in ji ta, "sai in ji kamar yana wajen aiki, bai dai dawo ba tukuna."

Na ce, "Yaya, ki yafe min, na kira ki ɓarauniya."

Ta ce ta gani, ta yafe tun ranar. Sannan ta miƙo min butar ruwa daga nesa.

Da yamma na koma zauren na ba da haƙuri a fili. Na so in ƙara da cewa maganar rubutun da aka tsara ai na yi daidai, sai na ga wanda aka tsamo daga kwata ba shi da bakin kare kansa, na goge.

Har gobe ina duba saƙonni, kuma ina gane wanda aka shirya don a ja ra'ayin mutane. Abin da bitar ba ta koya min ba shi ne in fara tambayar wanda ke riƙe da wayar kafin in yanke masa hukunci. Idan kuwa tambayar ta zama dole, in yi ta a zaune, nesa da kwata.