Yadda Za Ka Sa Shuwaka Ta Yi Fure a Haɗeja

Wa ya fi haƙƙi a kan shuwaka, mai son ganin furenta ko mai tukunya a kan wuta? Na daɗe ina juya wannan tambaya, ban samu amsa ba. Abin da na sani, a unguwarmu ba wanda ya taɓa ganin furen shuwaka, don tun tana jaririya ake tsige ta. Bi matakan Malam Hamman mai kamun kifi, na yi maka alkawari za ka gani.

1. Samo reshe

Dasa shuwaka ake yi. Hamman ya samu reshensa a hannun maƙwabcinsa Malam Bulus, ticha, wanda ya zo da shi daga Kafancan a 1987. Irin lambu ne, mai faɗin ganye. Ka yi godiya kaɗan. Yawan godiya kan sa mai kyauta ya zaci har yanzu yana da rabo.

2. Dasa ta inda kogi ba ya zuwa

A wajenmu babu irin wannan wuri. Don haka Hamman ya cika kwalekwalensa da ƙasa da taki, ya dasa a ciki, ya ɗaure shi a jikin rumbu. Da ambaliya ta shigo, shuwakar Bulus ta nutse, ta Hamman kuwa ta taso tana lilo a tsakar gida. Kada ka tambaye shi da me zai kama kifi. Matarsa Zainaba ta riga ka.

3. San maƙiyinka

Ba akuya ba ce. Akuya ana ɗaure ta.

"Malam, ɗan ganye zan sa a miya," in ji Zainaba.

"Duk ganyen da kika cire, kin mai da fure baya."

"Shi furen, tuwo za a ci da shi?"

Kada ka amsa. Ɗaga kai sama kamar mai duba hadari.

4. Koyi cewa a'a

Rifkatu matar Bulus ta haihu, nono ya ƙi zuwa. Tsofaffi suka ce a yi mata miyar shuwaka, ga shi ruwa ya cinye hanyar kasuwa. Bulus ya shigo da wando a naɗe har gwiwa.

"Malam Hamman, ganye nake so, saboda mai jego."

"Ticha, ta fara ƙunson fure. A ɗan jira ta buɗe."

"Wa zai jira, ni ko jaririn?"

"Ku duka."

Bulus ya kalli shuwakar da ya bayar da hannunsa, ya juya.

5. Shiga kwalekwale ka yi gadi

Nan ne wurin tunani. Kyautar da ta girma a gidanka, ta wa ce? Fure da ba a gani ba, yana da haƙƙi? Matsalar ita ce zana ce ta raba gidajen, kukan jariri kuma ba ya neman izini. Toshe kunne da auduga. Hamman ya gwada, ya ƙara wata, bai ji ma lokacin da Zainaba ta ɗauki tukunyarta ta koma gidan mai jego ba. Kukan dai yana ji.

Gargaɗi

Idan ka bi matakan nan ba ka ga fure ba, ko matarka ta yi ƙaura, ko kifi ya yanke a gidanka, ba ruwana. Alkawarin da na yi maka tun farko, ka yafe. Hamman ma bai gani ba. Da la'asar ya zare audugar, ya kwance igiya, ya sa gora ya tuƙa lambunsa har ƙofar Bulus. Da hannunsa ya tsige ta, ya fara daga sama.

"Malam, har da ƙunson?" in ji Zainaba.

"Zuba duka. Wataƙila shi ne mai kawo nonon."