Ranar da Fuskata Ta Yi Saɓa a Gaban Surukai

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ko da kuwa tsufa ya kwashe mini sauran tunanina. Ita ce ranar da kwalliyata ta kusa wargaza auren autata Rukayya.

Hoto ne ya ja mini. Shekara da shekaru ina hawa babur daga Daura zuwa makarantar da nake koyarwa a hanyar Zango, rana ta gasa ni son ranta. Ran nan aka ɗauke mu hoton malamai, na duba na ga kumatuna sun yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ga bikin Rukayya yana matsowa, kuma na san masu waya ba sa tausayin uwar amarya. Wata abokiyar aikina ta ba ni labarin likitar fata a Kano, wai tana shafa magani tsohuwar fata ta ɓare, sabuwa ta fito. Na ce wa maigidan zan je a duba mini ido. (Allah Ya yafe mini, idona garau yake, har zare nake zura wa allura ba tabarau.)

Likitar ba ta ɓoye mini komai ba, gaskiya. Ta shafa abin, ya yi ta raɗaɗi kamar an watsa mini barkono, sannan ta ce daga kwana na uku fatar za ta fara ɓarewa har mako guda. Kada in shiga rana, kada in ja fatar da hannu, in kuma da hali in zauna a gida. Na ce ba komai, muna hutu, dangin ango kuma sai nan da mako uku za su kawo kayan sa rana daga Baure.

Kwana biyu da dawowata sai ga waya. Wai Gwaggo Hajjo, yayar mahaifin angon, za ta yi tafiya, kuma ba a yanke komai a gidansu sai da ita, don haka ranar Asabar suna tafe. Na ƙirga da yatsu. Asabar kwana na huɗu ke nan. Innalillahi!

Da safiyar ranar na leƙa madubi na ja da baya. Goshi, hanci, haɓa, ko'ina fata ta tashi tana reto. Maigidan na ce masa zafin maganin ido ne, ya dube ni sama da ƙasa. Na ɗauko mayafi na naɗe fuska, ido kawai a waje, na zauna a falo cikin mata zalla kamar ni ce amaryar.

Suka iso su biyar, aka baje tabarma, aka kawo fura. Sai aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, gumi ya fara bi ta ƙarƙashin mayafin. Gwaggo Hajjo, 'yar tsohuwa mai idon mikiya, tun da ta zauna take kallona.

"Malama, mu fa duk mata ne," in ji ta. "Buɗe mana mu ga uwar ɗiyarmu."

"Mura nake yi, Hajiya."

"Mura a watan nan? Buɗe ki sha iska, kada ki sume mana."

Yaya zan yi? Na janye mayafin a hankali, shi kuma ya taho da rabonsa. Wani ɓawon fata mai faɗin ganyen zogale ya sauko yana lilo, ya sauka a bakin kwanon furar Gwaggo. Tsohuwar ta dubi kwanon, ta dube ni, ta ture shi gefe da ɗan yatsa.

"Sannu, Malama. Allah Ya ba da lafiya." Ta ɗan numfasa. "Abin nan a dangin uwa yake, ko na uba?"

Kowa ya san yadda mutanenmu suke binciken ciwon fata kafin a haɗa zuri'a, ni kaina na yi wa 'ya'yana maza. Gwaggo ta juya ta ce wa matan su bar kayan a ɗaure tukuna, za su koma gida a yi shawara. Har wata ta fara laluben takalminta. Ta gefen labule na hango Rukayya ta toshe baki da hannu, hawaye na zuba.

To, ko mutuncina ko auren yarinya. Na miƙe tsaye, da ni da fuskar tawa.

"Hajiya, wallahi ba ciwo ba ne. Ni na kai kaina Kano aka ɓare ni. Kyau nake nema saboda hoton biki."

Na ɗauko takardar likita da man da ta ba ni, wata mai aikin jinya a cikinsu ta karanta ta gyaɗa kai. Gwaggo Hajjo ta kama haɓa.

"Wato da ƙafarki kika je? Da hankalinki?" Sai ta fashe da dariya har tana buga cinya. "Ku kwance kaya, jama'a! Wannan ba a gadonsa."

Daga tsakar gida, inda yake alwala, na jiyo muryar maigidan: "Ashe idon ke nan." Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

An yi biki lafiya, Rukayya tana ɗakinta a Baure, har da goyo. Fuskar ma ta yi kyau, ba zan yi ƙarya ba, kuma yanzu ba na fita sai da man kare rana. Sai dai hoton da na sha wahala dominsa, mai ɗauka ya tsayar da ni a bayan Gwaggo, ɗaurin ɗankwalinta ya rufe mini rabin fuska. Har gobe in na je Baure tana hango ni za ta ɗaga murya: "Ga mai saɓa nan, ku rufe fura!"

Abin da na koya shi ne, in za ki gyara fuska ki gaya wa mutanen gidanki, ki kuma tabbata babu baƙo a hanya. Ni da na ɓoye wa mutum ɗaya, ƙarshe gari biyu na yi wa bayani.