Yadda Za Ki Kashe Faifan Kwamfuta Ki Tsira da Tagarki

"To in ba ke ba ce, wa ya taɓa shi?" in ji Auta. Matarsa ta ce rabonta da faifan nan tun ranar da ya shigo da shi, ya ajiye a kan tebur ya ce kowa ya kiyaye. Ya ce ai faifai ba ya karce kansa. Ta ce gaskiya ne, kuma ba ya koya wa mutum aikin da bai iya ba. Uwar Auta kuwa tana zaune a bakin tagarta tana sosa gwiwa, fuskar nan tata kamar ba ta taɓa jin an ambaci faifai ba tun da aka haife ta.

Wannan fuskar nake so in koya miki, 'yar'uwa, da duk abin da ya zo kafinta. In kika bi matakan nan yadda na jera su, na ba ki tabbaci babu mai fitar da ke daga ɗakinki. An gwada, ya yi, kuma a gabana aka yi.

Ga yadda abin yake. Uwar Auta ƙawata ce, gidanta na kallon nawa. Shekara goma sha tara tana ɗakin gaba, wanda tagarsa ke fuskantar famfon unguwa da shagon tela da kantin mai magani. Daga nan muke ganin wadda ta sayi magani ta ɓoye a jaka, da wanda ya shiga wurin tela ba tare da yadi ba. Sai Auta, malamin makaranta, ya sayo kwamfuta ta hannu, saboda matarsa ta yi wata shida tana koyon buga takardu. Aka ce da zarar kwamfuta ta tashi, ɗakin gaba ya zama shago, tsohuwa ta koma ɗakin baya, inda taga ke kallon katangar maƙwabci da bututun ruwa guda ɗaya.

Mataki na 1: Kada ki yi gardama

Ki sa albarka. Ki ce ai ke ko a ina aka ajiye ki daidai ne, kwana nawa ya rage miki. Tsohuwar da ta yi faɗa ita ake fara zargi, wadda ta sa albarka kuwa har shayi ake kawo mata.

Sannan ki yi tambaya irin ta marar sani. Uwar Auta ta tambayi ɗanta me ya sa akwatin ba ya magana. Shi kuma da yake malami ne, ba a yi masa tambaya ya bar ta ta wuce, ya zaunar da ita ya yi mata darasi. Ya ce wanda ya sayar ya goge komai na ciki, yanzu akwatin kamar gida ne ba kowa, sai an ɗora masa babbar manhaja, wadda ita ce ke tafiyar da sauran. Manhajar kuma tana cikin wannan faifan mai ƙyalli. Har ya ɗaga shi ya nuna mata, ya ce in babu wannan babu shago.

Ba sai na ce miki komai ba.

Mataki na 2: Ki wanke, kada ki fasa

Fasasshen abu yana neman wanda ya fasa shi. Wankakken abu ba ya neman kowa. Ki jira hantsi, ɗanki ya tafi aiki, matarsa ta fita cefane. Ki ɗauko soson ƙarfe na wanke tukunya, ki bi faifan a hankali kamar kina tausayinsa.

Ki kula, gefen da ke ƙyalli za ki goge, ba gefen da ke da rubutu ba. Uwar Auta ta ɓata safiya guda tana dirzar gefen rubutu, sai da na leƙo na gyara mata. Ki ɗauraye, ki shanya a inuwa, ki mayar cikin takardarsa. Ko da wata rana an kama ki, tsafta kika yi, kuma ban taɓa jin an kai tsohuwa ƙara don ta cika tsafta ba.

Mataki na 3: Ki halarci ɗorawar

Kada ki ɓuya ranar. Ki jawo kujera kusa, ki gyara zama. Ran Asabar Auta ya naɗe hannun riga, ya danna wani wuri, wani ɗan faranti ya zaro kamar harshe, ya ɗora faifan, ya koma ciki. Allon ya yi shuɗi, lamba ta fara hawa. Goma cikin ɗari, ashirin, arba'in. Matar Auta tana tsaye a bayansa ta haɗa hannuwa a ƙirji. Uwar Auta ta gaya min daga baya cewa da lambar ta wuce hamsin sai ta fara tunanin bututun nan na ɗakin baya.

A sittin da uku akwatin ya fara gurnani kamar mai tari ya rasa ruwa. Ya yi, ya yi, ya tsaya. Sai ga rubutu.

A nan ki ce, "Ya gama ke nan? Kai, masha Allah." Ki faɗe shi da murna.

Mataki na 4: Ki bar rubutun ya yi miki aiki

Duk wanda ya tsara saƙon nan, ina gaishe shi, ɗan'uwanmu ne a sana'a. Auta ya karanta ya fassara mana: wai an kasa samun wani abu da ake buƙata, a duba a sake gwadawa. Wane abu? Bai faɗa ba. A duba ina? Bai faɗa ba. A ƙasa sai sifili da wani harafi da jerin lambobi, tsawonsu kamar lambar waya. Ni da na tsaya a aji huɗu, da shi da ke koyar da aji shida, fahimtarmu ta zo ɗaya.

Sau bakwai ya sake gwadawa, sau bakwai ta tsaya a sittin da uku. Matarsa ta buga lambobin a wayarta, ta samo amsa wajen arba'in, ba biyu da suka yarda da juna. Wani ya ce ƙwaƙwalwar akwatin ce, wani ya ce wayar ciki ce ta saki, wani ya ce shi ma haka tasa ta yi, ya tafi bai ƙara komai ba.

Aka kira yayan matar Auta, wanda ake ce wa Injiniya tun da ya taɓa gyara fanka. Ya kwance akwatin, ya hura, ya ɗaure, ya ce idon da ke karanta faifai ne ya raunana. Aka canza ido. Sittin da uku. Ya ce to wutar gidan ce ba ta da ƙarfi. Kwana huɗu ana wannan kafin wani ya tuna ya juya faifan ya kalle shi a haske. Masu ilimi haka suke, sai sun gama da abu mai wuya suke duba mai sauƙi.

Mataki na 5: Ki raba laifin, kowa ya samu

Da an ga karcen, za a nemi mai shi. Kada ki nuna kowa, ki dai taimaka wa kowa da tunani. Uwar Auta ta sami ɗanta shi kaɗai ta ce ita ba ta son shiga tsakanin mata da miji, amma ta ga yarinyar nan tana goge tebur ran Laraba, ko da yake wataƙila idonta ne. Ta sami matar ita kaɗai ta ce ta yi haƙuri da shi, tun yana ƙarami haka yake, rediyon babansa ma shi ya buɗe ta bai iya rufewa ba. Faɗan da kika ji a farko daga nan ya fito.

Akwai wuri ɗaya mai santsi, gara in gaya miki. Da la'asar ɗin ranar Uwar Auta ta je ɗiban ruwa, ta tarar da matar ɗanta a bayan ɗakin girki tana kuka ba sauti. Allon shago na jingine kusa da ita, an riga an rubuta shi da fenti kore, ita da kanta ta zaɓi launin. Tsohuwa ta dawo ba ruwan, ta ce min yarinyar nan fa ba ta taɓa ɗaga mata murya ba. Na ce ta leƙa waje. Aka yi sa'a matar tela ta fito tana jan mijinta da riga, zuciyar ƙawata ta koma wurinta.

In tausayi ya zo miki, ki leƙa taga.

Mataki na 6: Faifai na biyu, ki ba rana

Za su samo wani, kada ki yi zaton sun haƙura. Auta ya aro na shugaban makarantarsu, bayan ya yi alkawarin dawo da shi yadda ya karɓa. Soso ba zai yi sau biyu ba. Ki ɗauke shi daga tebur, don kada shayi ya zube masa, ki ajiye a dakalin taga inda rana ke sauka daga sha ɗaya zuwa uku.

Da aka ɗauko shi ya ɗan lanƙwashe kamar murfin roba da ya kwana kusa da murhu. Wannan ko sittin da uku bai kai ba. Akwatin ya zuƙe shi, ya yi ƙara, ya rubuto cewa a saka faifai, alhali faifan na cikinsa. Auta ya tsaya yana gaya wa akwati cewa ai ya saka.

Injiniya ya taɓa dakalin, ya janye hannu, ya yanke hukunci cewa ɗakin nan ya cika zafi, ba kwamfutar da za ta rayu a cikinsa. A nan ki yi ajiyar zuciya. Uwar Auta ta ce ita dai ba ta so a ce ta hana yara neman abinci, amma in ɗakin baya ya fi sanyi, ta haƙura ta zauna cikin zafin. Auta har da yi mata godiya. Ran Litinin ya tsaya gaban shugabansa kamar ɗalibi yana ba da haƙuri, akwati kuma ya koma ɗakin baya.

Kin ga na cika alkawari. Taga taki ce.

Mataki na 7: Wannan ba mu san da shi ba

Da aka kai akwatin baya, Injiniya ya laluba aljihu ya fito da wani abu bai kai babban yatsa ba, wai filash, shi ma da manhajar a cikinsa. Ya soka a gefe. Lamba ta hau, ta zo sittin da uku ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. Kafin a sauke tukunya kwamfuta ta tashi. Ƙanwarsa ta tambaye shi me ya hana shi fito da shi tun farko, ya ce ba wanda ya tambaye shi. Ni dai na ƙirga, kwana tara a gidan yake cin abincin rana.

Mataki na 8: Ki ci moriyar nasararki

Yanzu ki zauna a tagarki ki kalli mutane suna wucewa. Za su gaishe ki da ladabi, su zagaya ta lungu zuwa ɗakin baya. Matar tela ta je an buga mata wasiƙa zuwa ga yayan mijinta, shafi uku. Mai magani ya je da amsar wata takarda da hukuma ta aiko masa. Mai gidan haya ya je da sunayen waɗanda zai kora. Kuma da yawansu ba su zo da rubutu ba, da baki suke faɗa, dalla-dalla, matar Auta na bugawa, har tana cewa a maimaita.

Abin da muka yi shekara goma sha tara muna hasashe daga nesa, yanzu ana karanta shi da suna da kwanan wata, kusa da bututun ruwa. Ita kuwa yarinyar ko kalma ba ta fitarwa. Uwar Auta ta gwada ta da dabara, ta gwada ta da kyautar turare, ta ce wannan sirrin masu kawo aiki ne.

Ƙarshe ƙawata ta kira ɗanta ta ce ta sake tunani, zafin ɗakin gaba ya fara taɓa mata ido, ko za a yi musanya. Ya durƙusa ya ce, "Haba Inna, bayan duk haƙurin da kika yi mana? Wallahi ba mai raba ki da tagar nan muddin ina da rai."

Sanarwa

Ni shawara na bayar, ban riƙe wa kowa soso ba. Duk wadda ta bi matakan nan ta sami abin da ta nema, kada ta zo min da kuka, ba ni da hannu, ba ni da masaniya.

Kuma kada a ga laifina a kan abin da ya biyo baya. Ɗakin baya ba a zama sai da aiki a hannu, ni kuma ba ni da wanda zan rubuta wa wasiƙa. Sai na ɗauki littafin da na rubuta matakan nan na kai a buga min, shafi ɗaya kullum, don in daɗe. Matar Auta ta buga mataki na ɗaya ta gama. Muna tsakiyar na biyu, ina karanta mata wurin gefen ƙyalli, sai ga Uwar Auta a bakin ƙofa da kofin shayi ta kawo wa surukarta.

Yarinyar ba ta ɗaga kai daga allo ba. Ta ce, "Inna, soson ƙarfe ne ko na roba? Ina so in rubuta daidai."

Ƙawata ta kalle ta, ta kalle ni, ta ajiye kofin a hankali a kan tebur. Ta ce na ƙarfe ne. Sannan ta fita, ta bugo ƙofar da ƙarfin da sai da allon shago ya faɗo daga ƙusa.