Man Shanun Kaka a Bayan Motata

Ranar da na shigo Wurno da 'yar motata mai kujera biyu, sai da na tara jama'a na yi musu lacca: ba ta shan mai, giyarta da kanta take canzawa, ko a zaure za ta kwana. Abu ɗaya kawai ban bincika ba, wato inda injinta yake.

Ran kasuwar Goronyo, kakata ta aike ni sayen ɗanyen man shanu. Da za mu dawo, matata da ta raka ni ta ce, "Kawo ƙwaryar in riƙe."

"Ga but guda, ki riƙe ƙwarya?" Na aza ƙwaryar a but ɗin bayan motar, na rufe cikin ƙasaita.

Ashe injin yana ƙarƙashin but ɗin. Kafin mu iso gida man ya narke tas, ya jiƙe shimfiɗa, har yana ɗiga ƙasa.

Kaka ta leƙa, ta shinshina, ta ce, "Angona, mi ya hana ka yanka albasa? Ai da ka ƙarasa mini suyar."

Har yau motar ƙamshin mai take yi. Duk sanda aka tashi girkin suna a gidanmu, sai Kaka ta aiko wai in ara musu murhuna.