Rijiyar Kawu Lafiya Lau

Ba zan taɓa mantawa ba, ko tsufa ya kwashe mini komai, da ranar da na yi tafinta a garkar Kawu Alhasan.

A lokacin ban daɗe da shiga ajin koyon Ingilishi na yamma ba, a nan Agadas. Da rana ina butik ina gyaran wayoyi, da la'asar in tafi wurin Mushe Idi, malaminmu. Karatun bai yi nisa ba, amma bakina ya yi. Duk wanda ya shigo butik sai in tare shi da "How are you?", kafin ya buɗe baki kuma na ba kaina amsa, "I am well," wato ina lafiya. Cikin ɗan lokaci labari ya bazu a dangi cewa ina jin Ingilishi kamar a can aka haife ni (ni kuwa ban ƙaryata ba).

Kawu Alhasan yayan mahaifiyata ne, dattijo mai furfura, yana da garka a bakin rafin Telwa inda yake noman albasa da tumatir. A daminar shekarar ruwa ya yi ɓarna, rijiyarsa ta rufta. Tun daga nan da jaki da bido, wato jarka, ake ɗauko masa ruwa daga garkar maƙwabci, albasa kuwa ta fara sunkuyar da kai.

Sai aka ji wani furoje, wato shirin tallafi, zai gyara rijiyoyin da suka lalace, kuma wata injiniya 'yar Kenya, Madam Esta, tana zagaya garake tana duba waɗanda suka fi buƙata. Ba ta jin Hausa, Faransancinta bai wuce gaisuwa ba, tafintanta kuma zazzaɓi ya kwantar da shi. Kawu ya aiko a kira ni.

Na saka babbar rigata ta shadda, na ɗora tabarau (a garka fa, cikin taki). Aka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dabino, maƙwabta suka taru, aka ɗora shayi. Madam Esta ta zauna, muka gaisa, gaisuwar ta tafi sumul. Na ga mutane suna kallona da sha'awa, na ƙara gyara zama.

Sannan ta dubi Kawu ta ce, "Do you have a good well?"

Kalma biyu na kama, "good" da "well", kuma duka na san su. Na juya da natsuwa na ce, "Kawu, tana tambayar lafiyarku."

"Lafiya lau, alhamdulillahi," in ji Kawu.

Na ce mata, "Very well."

Ta kalli albasar da ke bushewa. Ta sake tambaya, na ji "problem" na ji "well".

"Kawu, wai babu abin da ke damunku?"

"Ka ce mata sai godiya. Ko ciwon kai ba na yi."

"No problem," na ce, har da ɗaga babban yatsa. "Very, very well."

Ta yi wata doguwar magana wadda ban kama komai a ciki ba sai alamar tana shirin tashi. Daga baya na gane cewa ta ce tunda rijiyarmu na da kyau, za ta wuce wurin masu buƙata. Amma Allah ya sa mace ce mai son gani da ido. Ta tsaya ta ce, "Show me."

Wannan na sani: nuna mini. Na ce, "Kawu, ba ta yarda ba. Wai ku nuna mata lafiyar."

Kawu ya dube ni. "Ɗana, rijiya za su gyara ko soja za su ɗauke ni?"

"Haka tsarinsu yake, Kawu. Ba sa ba mara lafiya aiki." (Daga ina na samo wannan, har yau ban sani ba.)

Dattijon nan, saboda albasarsa, ya miƙe. Ya ɗaure rawaninsa tam, ya tattare riga, ya taka da sauri zuwa gindin dabino ya dawo. Ya durƙusa ya tashi, gwiwa na ƙara. Ya sunkuci buhun taki ya ɗora a kafaɗa ya sauke. Da ya ga har yanzu baƙuwa ba ta ce komai ba, sai ya matso ya buɗe mata baki ta ga haƙoransa.

Madam Esta ta daskare da kofin shayi a hannu. Maƙwabta kuwa suna ta jinjina wa Kawu.

Ana cikin haka jakin Kawu ya shigo da bidoji a bayansa. Ta kalli jakin, ta kalli ruwan, ta ajiye kofi ta miƙe ta bi garkar da kanta, mu kuma muna biye. A bayan dabinai ta iske ramin da ya rufta, igiya da guga na yashe a gefe. Ta nuna shi da yatsa, ta dube ni, ta faɗa a hankali yadda ake yi wa ɗan aji ɗaya: "This is a well."

Tabarau ɗin ma sai na cire, don na ga bai dace da ni ba.

"Me ta ce?" in ji Kawu, yana haki.

"Kawu... ashe tun ɗazu rijiya take tambaya."

Sai wani maƙwabci ya fara ƙyalƙyalawa, dariya ta kama kowa. Madam Esta ta gane abin da ya faru, ta yi dariya har ta dafa dabino. Kawu kaɗai bai yi ba. Ya riƙe ƙugunsa ya ce, "To buhun da na ɗauka fa, na waye?"

Washegari na kai ƙara wurin Mushe Idi, wai Ingilishi ya yaudare ni. Ya saurara har ƙarshe, ya share hawayen dariya, ya ce kalmomi da yawa a harshen haka suke, wuri ɗaya su zama suna, wani wuri su zama sifa. "Well" lafiyayye ne, kuma rijiya ce. "Cold" mai sanyi ne, kuma mura ce. "Light" mara nauyi ne, kuma fitila ce. Ya ce in na ji ɗan ƙaramin "a" ko "the" a gaba, in sa ran suna na tafe. Ni kuwa da ma ƙananan kalmomin nan tsallake su nake yi, don na ɗauka ado ne.

An gyara rijiyar kafin zafi ya shigo, albasa ta farfaɗo. Kawu ya yi kwanaki ana gasa masa baya, amma ya yafe mini. Sai dai har yau in na je gaishe shi na ce "Kawu, ina lafiya?", sai ya ce, "Wacce? Tawa ko ta garka?"

Abin da na koya shi ne, in ban gane magana ba, in ce a maimaita. Kunyar hakan ba ta kai ta tsayawa kana kallon kawunka yana nuna wa baƙuwa haƙora ba.